Darasi na Goma Sha Huɗu: Manyan Kamfanoni da Harsunan Kwamfuta na Kowa da Kowa

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ku iya:

1. bayyana ma'anar harshen kwamfuta da ma'anar buɗaɗɗen tushe;
2. kawo misalan manyan kamfanonin da suka gina shafukansu da irin waɗannan harsuna;
3. faɗin amfaninsu da kuma matsalolinsu;
4. yin amfani da aikatau mai ƙarewa da wasalin -u a cikin jimla.

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, da wuya a samu wani a cikinku wanda bai taɓa leƙa Facebook ko YouTube ba, ko da a wayar yayansa ce. Wasunku kuma sun taɓa neman bayani a Wikipedia sa'ad da malami ya ba da jinga. To, shin kun taɓa tambayar kanku da me aka gina waɗannan shafuka? Magini yana aiki da bulo da siminti. Shi kuwa mai gina shafin intanet da rubutu yake aiki, wato jerin umarni da yake rubuta wa kwamfuta cikin wani harshe na musamman.

Daga cikin waɗannan harsuna akwai waɗanda ba a sayar da su. Kowa yana iya ɗauka ya yi aiki da su ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba. Hausawa kuwa suna cewa araha ba ta ado. Saboda haka mutane da yawa suke zaton irin waɗannan harsuna na 'yan koyo ne da masu ƙananan ayyuka. A ganinsu, kamfanin da ya mallaki biliyoyin daloli ba zai ɗora dukiyarsa a kan abin da aka samu kyauta ba. Wannan zato shi za mu auna a darasinmu na yau. Maganar ta shafe ku, domin wasu daga cikinku za su zaɓi sana'ar shirya manhaja, kuma ba wanda yake son ya ɓata shekarunsa wajen koyon abin da ba zai ciyar da shi ba.

Mene ne Harshen Kwamfuta?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Yarabanci ko Ibo, ba ta ma jin Ingilishi. Abin da take ganewa shi ne lambobi biyu kacal, 0 da 1. Rubuta umarni da waɗannan lambobi aiki ne mai cin rai ga ɗan Adam. Don haka masana suka ƙirƙiro harsunan da suke karantuwa ga mutum, sa'an nan a juya su zuwa abin da na'ura take ganewa.

Hanyoyin juyawar iri biyu ne. Ku ɗauki misalin baƙon da ya zo fadar sarki, ba ya jin harshen garin. Yana iya rubuta jawabinsa duka tun a gida, ya ba mai fassara ya juya shi daga farko har ƙarshe, ranar taro sai a karanta fassarar kai tsaye. Haka harsuna irin su C da C++ suke aiki. Shirin yana ɗaukar lokaci, amma ranar aiki babu jira. Baƙon kuma yana iya zuwa da tafinta: ya faɗi jimla, tafinta ya juya, ya ƙara faɗin wata, tafinta ya sake juyawa. Haka harsuna irin su PHP da Python da Ruby da Perl suke aiki. A wannan darasi za mu kira su harsunan tafinta.

Kowace hanya da ribarta. Mai tafinta yana iya sauya maganarsa nan take idan ya ga bai faɗi daidai ba. Haka mai rubutu da Python yake gyara layi ɗaya, ya gwada, ya ga sakamako cikin ƙiftawar ido. Sai dai jawabin da ya bi ta bakin tafinta ya fi daɗewa kafin ya ƙare. Ku riƙe wannan batu na jinkiri, domin za mu dawo kansa.

Buɗaɗɗen Tushe

Asalin rubutun da aka gina manhaja da shi ana kiran sa tushe. Wasu kamfanoni suna ɓoye tushen manhajarsu, kamar yadda mai tsire yake ɓoye sirrin haɗin yajinsa. Za ka saya ka ci, amma ba za ka san abin da aka zuba a ciki ba. Idan manhajar ta sami matsala, ba ta gyaruwa a hannunka, sai ka jira mai ita.

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe kuwa an ba kowa izinin ya karanta tushenta, ya sauya shi, ya kuma raba wa wasu. Wannan izini a rubuce yake cikin lasisi, kuma lasisin yana da sharuɗɗan da dole a kiyaye. Wani masani ɗan Amurka, Richard Stallman, shi ne ya ɗaga tutar wannan ra'ayi a shekarar 1983 da aikin da ya kira GNU. Sunan buɗaɗɗen tushe kuma ya bazu ne daga shekarar 1998.

A ƙasar Hausa akwai al'adar da ake kira gayya. Idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya gayyaci samarin gari su taru su nome ta a yini guda. Ba a biyan su lada, amma kowa ya san ranar da nasa aikin ya taso za a zo masa. Wataƙila a garinku ma akwai irin wannan al'ada da wani suna daban. Kusan haka ake raya harsunan da muke magana a kansu. Mutum ɗaya yake farawa, sa'an nan dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam su sa hannu.

Larry Wall ya fito da Perl a Amurka a 1987. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holand, ya fito da Python a 1991. A 1995 Yukihiro Matsumoto ya fito da Ruby a Japan. A wannan shekara ce kuma Rasmus Lerdorf ya saki PHP. Shi Lerdorf ba da niyyar ƙirƙiro harshe ya fara ba. 'Yan ƙananan umarni ya rubuta domin ya san masu ziyartar shafinsa na intanet. Da ya sake su ga jama'a, sai wasu suka ɗauka suka yi ta ƙari, har abin ya zama cikakken harshe.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Yanzu bari mu duba manyan shafukan da kuka sani ɗaya bayan ɗaya.

A watan Fabrairu na 2004 Mark Zuckerberg, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Harvard, ya buɗe Facebook. Da PHP ya rubuta shi. A watan Oktoba na 2012 masu amfani da shafin a kowane wata suka kai biliyan 1, kuma har a lokacin da PHP injiniyoyin kamfanin suke rubuta mafi yawan abin da mai ziyara yake gani.

Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, tana gudana ne a kan manhajar MediaWiki, ita ma da PHP aka rubuta ta. Ba kamfanin neman riba ba ne yake riƙe da Wikipedia, gidauniya ce, amma shafin yana cikin waɗanda aka fi ziyarta a duniya. Yana da sassa cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa da Yarabanci da Ibo. Duk lokacin da kuka buɗe maƙala a Wikipedia ta Hausa domin ku gwada karatunku, PHP ce ta shirya muku shafin. Haka kuma WordPress, manhajar da ta fito a 2003, da PHP aka gina ta, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke.

Labarin Instagram ya fi ban mamaki. Kevin Systrom da Mike Krieger suka buɗe shi a watan Oktoba na 2010. Sun yi amfani da Python tare da wani shiryayyen tsari mai suna Django. Shiryayyen tsari kamar ƙofofi da tagogi ne da kafinta ya riga ya haɗa: magini ba sai ya sassaƙa nasa ba, ɗauka zai yi ya kafa. Shi Django ma'aikatan wani gidan jarida ne a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka suka shirya shi don aikinsu, suka sake shi ga jama'a a 2005. A watan Afrilu na 2012 Facebook ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1. A lokacin masu amfani da shi sun kai miliyan 30, amma ma'aikatan kamfanin duka 13 ne. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan: mutum 13, ba su kai rabin ajinku ba, suna hidimar mutum miliyan 30. A 2018 masu amfani da Instagram suka kai biliyan 1, kuma bai rabu da Python ba.

YouTube, wanda aka kafa a 2005, da Python aka rubuta babban sashensa a shekarunsa na farko, kuma a haka Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. Shi kuma Ruby yana da nasa shiryayyen tsarin mai suna Ruby on Rails, wanda ya fito a 2004. A kansa aka gina Shopify, kamfanin ƙasar Kanada da yake buɗe wa 'yan kasuwa shaguna a intanet. A kansa kuma aka gina GitHub, inda masu shirya manhaja na duniya suke ajiye rubutunsu. Microsoft ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5.

Ashe ke nan tambayarmu ta sami amsa. Manyan kamfanoni suna amfani da waɗannan harsuna, kuma a manyan ayyuka. Amma ku lura da abu guda: yawancinsu ba su da girma a ranar da suka yi zaɓin. Ƙanana ne, harshen ya ɗauke su har suka girma.

Dalilan Zaɓin

Kada ku ɗauka rowa ce ta sa kamfanonin suka rungumi abin kyauta. Gaskiya ne rashin biyan kuɗin lasisi yana da daɗi ga wanda yake da dubban kwamfutoci. Amma akwai dalilan da suka fi wannan nauyi.

Na farko shi ne sauri wajen gini. A kasuwar intanet, wanda ya riga fitowa da sabon abu shi yake kwashe jama'a. Abin da za a rubuta cikin layi ɗari a wani harshe, sau da yawa ana rubuta shi cikin layuka kaɗan a Python ko Ruby. Albashin injiniyoyi babban kashi ne na abin da kamfanin manhaja yake kashewa, don haka duk abin da ya rage musu kwanakin aiki ya rage wa kamfani asara.

Na biyu shi ne yawan ma'aikata. Tun da kowa yana iya koyon harshen ba tare da biya ba, waɗanda suka iya shi suna da yawa a kowace nahiya. Kamfanin da yake neman injiniyoyi ɗari ba zai sha wahalar samun su ba.

Na uku shi ne 'yanci. Wanda ya gina dukiyarsa a kan rufaffen harshe ya zama kamar ɗan haya. Mai gida yana iya ƙara kuɗi, yana iya ƙin gyara rufi, yana ma iya rushe gidan. Wanda yake riƙe da tushe kuwa, idan abu ya lalace yana iya sa nasa ma'aikatan su gyara a daren.

Na huɗu shi ne yawan idanu. Rubutun da dubban mutane suke karantawa, kuskurensa ya fi saurin bayyana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da haka, kada ku zaci babu matsala. Kun tuna batun jinkirin tafinta? Idan mutum goma ne suke ziyartar shafi, ba wanda zai lura da shi. Idan kuwa miliyan goma ne suka zo a lokaci guda, kamar yadda ɗalibai suke rugawa intanet ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, jinkirin nan sai ya zama kuɗi. Dole a ƙara sayen manyan kwamfutocin da ake kira saba, a ƙara biyan kuɗin lantarki, a ƙara na'urorin sanyaya su.

Kamfanoni biyu sun gamu da wannan matsala, kowanne ya bi tasa hanyar. Twitter, wanda yanzu ake kira X, an gina shi ne a 2006 a kan Ruby on Rails. Da jama'a suka yi yawa, sai shafin ya riƙa tsayawa. A irin wannan lokaci hoton wani katon kifi da tsuntsaye suke ɗauke da shi yake fitowa, har hoton ya yi suna a duniya. Abin ya tsananta a lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010 da aka yi a Afirka ta Kudu, sa'ad da kowace ƙwallo aka ci sai saƙonni su yi ambaliya. Daga nan kamfanin ya yi ta kwashe manyan sassan aikinsa daga Ruby zuwa harsunan Scala da Java, waɗanda suka fi ɗaukar nauyi.

Facebook kuwa bai yi ƙaura ba. Rubutunsa na PHP ya riga ya yi yawan da sake shi daga farko zai ci shekaru. Sai injiniyoyinsa suka ce, tun da tafinta ne yake jinkiri, bari mu gyara tafintan. A 2010 suka sanar da wata manhaja mai suna HipHop, wadda take juya PHP zuwa C++ tun kafin a fara aiki. Kamfanin ya ce wannan ya rage kusan rabin nauyin da yake kan kwamfutocinsa. Bayan haka suka gina wani sabon injin mai suna HHVM, kuma a 2014 suka fito da Hack, harshen da aka tsiro da shi daga jikin PHP. Duk waɗannan sun sake su ga jama'a kyauta. Ku lura: da a ce tushen PHP a rufe yake, da wannan gyara bai yiwu ba.

Labarin bai tsaya nan ba. Masu kula da PHP na asali su ma suka tashi tsaye. A ƙarshen 2015 suka fito da PHP 7, wanda a ayyuka da yawa ya ninka na baya sauri. Wikipedia, wadda ta koma kan HHVM a 2014, ta dawo kan PHP 7 a 2019. Gasar da aka yi tsakanin ɓangarorin biyu ta amfani har mai ƙaramin shafi da bai san ana yi ba.

Matsala ta biyu ita ce dogaro da aikin mutanen da ba ka sani ba. A watan Maris na 2016 wani mai shirya manhaja ya yi fushi da masu kula da wata ma'ajiyar rubutun JavaScript, ya janye ayyukansa daga cikinta. Ɗaya daga cikinsu, mai suna left-pad, layi 11 ne kacal. Amma dubban ayyuka sun dogara da shi, har da na manyan kamfanoni. Nan da nan aikinsu ya tsaya cik, sai da aka mayar da shi bayan 'yan sa'o'i. Tun daga irin wannan darasi, kamfanoni masu hankali suna ajiye kwafin duk abin da suka aro, suna kuma bincika shi kafin su sa shi a aiki.

Saboda waɗannan dalilai, babu wani babban kamfani da yake aiki da harshe ɗaya tak. Inda ake bukatar gudu ƙwarai, kamar injin binciken Google, ana amfani da C++. Bankuna da yawa suna riƙe lissafinsu da Java, wasu ma da COBOL, harshen da aka ƙirƙiro tun 1959. Inda kuma ake bukatar sauyi kullum, kamar fuskar shafin da mai ziyara yake gani, harsunan tafinta suna da babban matsayi. Manomi ba ya sare itace da fartanya, ba ya kuma yin noma da gatari.

Mai Shan Ruwa Shi Ke Yasar Rijiya

Akwai sauran abu guda da ya kamata ku sani. Rijiyar unguwa ta kowa ce, amma idan kowa ya ɗebi ruwa ya tafi, ba mai yasar ta, wata rana za ta ƙafe. Manyan kamfanoni sun gane cewa dukiyarsu tana kan waɗannan harsuna, don haka suka fara ɗaukar nauyinsu. Yahoo ya ɗauki Rasmus Lerdorf aiki a 2002. Guido van Rossum ya yi aiki a Google daga 2005, ya koma Dropbox a 2013, sa'an nan Microsoft a 2020, inda ya shiga aikin ƙara wa Python sauri. Injiniyoyin Shopify sun gina wani sashe mai suna YJIT da ya ƙara wa Ruby gudu, aka shigar da shi cikin harshen domin amfanin kowa. Duk da haka, har yanzu akwai ƙananan ayyuka masu muhimmanci da mutum ɗaya ko biyu suke riƙe da su a lokacin hutunsu, ba tare da albashi ba. Ko kamfanonin da suke cin riba suna mayar da abin da ya kamata, wannan muhawara ce da ba ta ƙare ba.

Kammalawa

Mun ga cewa Facebook da Wikipedia da Instagram da YouTube da Shopify duk sun ginu a kan harsunan tafinta masu buɗaɗɗen tushe. Mun ga cewa idan nauyi ya yi yawa, wani kamfani yakan sauya harshe, wani kuma yakan gyara wanda yake hannunsa. Karin maganar da muka fara da ita tana da gaskiyarta a kasuwar tufafi, amma a nan ba ta yi aiki ba, domin waɗannan harsuna dubban ƙwararru ne suka zuba musu shekarun aikinsu.

Python ɗin da injiniyan Instagram yake rubutu da shi a Amurka, shi ne dai wanda ɗalibi a Aba ko Abeokuta ko Kalaba zai sauke a kwamfutar makarantarsu, ba tare da an rage masa komai ba. Abin da zai nema shi ne kwamfuta da wutar lantarki da ɗan lokaci a intanet, sai kuma haƙurin da kuke yi yanzu wajen koyon Hausa: kalma bayan kalma, jimla bayan jimla, a yi kuskure a gyara.

Ma'anar Kalmomi

manhaja: jerin umarnin da yake sa kwamfuta ko waya ta yi wani aiki
tushe: gindin abu ko asalinsa, a nan, asalin rubutun manhaja
tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani nan take
lasisi: takardar izinin yin wani abu
gayya: aikin da jama'a suke taruwa su yi wa mutum ɗaya ba da lada ba
saba: babbar kwamfutar da take ajiye shafi tana aika shi ga masu nema
jinka: rufin ɗaki na ciyawa
rowa: ƙin fitar da kuɗi ko kyauta
ambaliya: cikar ruwa har ya tumbatsa ya malala
yasa: kwashe laka da datti daga cikin rijiya
ƙafe: bushewar ruwan rijiya ko tafki

Ku lura da yadda Hausa take samun kalmomin sabon ilimi. Wasu aro ne daga Ingilishi, kamar kwamfuta da lasisi da tafinta. Wasu kuma tsofaffin kalmomi ne aka faɗaɗa ma'anarsu. Shafi a da na littafi ne kawai. Manhaja kuma, wadda aka aro daga Larabci, tsarin karatun makaranta take nufi tun asali.

Nahawu: Aikatau Mai Ƙarewa da -u

Ku dubi waɗannan jimloli biyu:

Injiniyoyi sun gina shafin.
Shafin ya ginu.

A jimla ta farko an ambaci masu aikin. A ta biyu ba a ambace su ba, an nuna dai aikin ya auku a kan shafin, kuma ya yi kyau. Ana samun wannan siga ta hanyar sauya wasalin ƙarshe na aikatau zuwa -u:

gina, ginu
gyara, gyaru
karanta, karantu
dafa, dafu

Idan aka sa wannan siga a lokaci mai ci, sai ta koma -uwa, kuma tana nuna yiwuwar aikin ko rashin yiwuwarsa:

Rubutun yana karantuwa. Ma'ana, ana iya karanta shi.
Manhajar ba ta gyaruwa. Ma'ana, ba a iya gyara ta.

Auna Fahimta

1. Waɗanne lambobi biyu kwamfuta take ganewa?
2. Bayyana bambancin aikin mai fassara da na tafinta, kamar yadda ya zo a darasin.
3. Wane izini lasisin buɗaɗɗen tushe yake bayarwa?
4. Ma'aikata nawa Instagram yake da su a lokacin da aka saye shi a 2012?
5. Kawo dalilai uku da suka sa kamfanoni suke zaɓar waɗannan harsuna.
6. Twitter da Facebook sun gamu da matsala iri ɗaya. Yaya kowanne ya warware ta?
7. Wane darasi aka koya daga abin da ya faru a watan Maris na 2016?

Aikin Nahawu

Sauya waɗannan jimloli zuwa sigar -u:

1. Ladi ta dafa shinkafa.
2. Makaniki ya gyara mota.
3. Magina sun gina masallaci.

Sa'an nan ku rubuta jimloli uku na kanku da sigar -uwa.

Tattaunawa

Ku kasu gida biyu a cikin aji. Gida ɗaya ya kare ra'ayin cewa dole ne kamfanin da ya ci ribar manhajar kyauta ya biya masu kula da ita. Ɗaya gidan ya kare ra'ayin cewa abin da aka bayar kyauta ba shi da bashi. Kowane mai magana ya yi amfani da karin magana guda ɗaya ta Hausa.

Jinga

Tambayi wani dattijo a gidanku yadda ake kiran aikin gayya a harshenku da yadda ake gudanar da shi. Rubuta abin da ya faɗa maka cikin Hausa, a layi goma sha biyar, ka nuna inda ya yi kama da aikin masu buɗaɗɗen tushe da inda suka bambanta.